Yadda Mai Babur Zai Yi Idan 'Yan Sanda Suka Biyo Shi a Hanya

Wannan bayani na duk mai hawa babur ne a jihar Katsina: ɗan acaɓan da ke jiran fasinja a Ƙofar Ƙaura, da ma'aikacin da ke sammako zuwa ofis kan roba-roba, da ɗalibin da ke bin titin Dutsin-ma zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da magidancin da ya ɗauro buhun gero daga kasuwar Mai'aduwa ya nufo Daura. Komai kiyayewarka, wata rana za ka ji jiniya a bayanka, ko ka ga motar sintiri ta manne maka tana walƙa fitila. A wannan lokacin gaba kan faɗi, hannu kuma ya nemi murɗa totur tun kafin kai ya yi tunani.

Kada ka murɗa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Abin da ɗan sanda ke gani idan ka ƙara wuta

Kai ka san dalilinka. Wataƙila lasisi ne ya ƙare, ko ba ka sa lamba ba, ko goyon biyu ka yi, ko kuwa ɗari biyar ɗin da ka samu tun safe ce ba ka so a raba ka da ita. Wanda ke bayanka bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya sani shi ne a Katsina, a shekarun nan, a kan babur 'yan bindiga ke shiga garuruwa, a kan babur ake kai musu mai da abinci, a kan babur masu ƙwacen waya ke tserewa. Shi ya sa a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar da ta hana ɗaukar mutum uku a babur ɗaya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta tsayar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, ta kuma ƙayyade lokacin zirga-zirgar babura da dare, musamman a ƙananan hukumomin da ke bakin daji irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Dandume. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su, ana kuma ƙara tsaurara su gwargwadon yanayi, don haka wajibinka ne ka san wadda ke aiki a yankinku yau. Amma idon da jami'in tsaro ke kallon babur da shi bai canja ba. Da ka ba ta wuta, a ransa cewa zai yi mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Laifin takarda da tara za ta kashe, ka mayar da shi zargin fashi, kuma mutumin da ke zarginka riƙe yake da bindiga.

Ko da ba a harba ba, titin kansa ya isa. Babur da ke gudun kilomita 80 a awa yana cinye kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Waiwaye ɗaya ka yi don ka ga ko sun matso, ka shafe wannan tazarar ido rufe. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da burki ke buƙata kafin ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi. Yanzu ka tuna yadda lungunanmu suke: yara na guje-guje, almajirai da kwanoninsu, awaki, kwata a buɗe, yashi a kan kwana, Keke Napep da ke fitowa ba sigina. Wanda ke cikin mota ƙarfe ya kewaye shi. Kai fatar jikinka ce kawai tsakaninka da kwalta. In kuwa ka take ɗan wani garin gudun, maganar ta tashi daga lasisi ta koma ta rai, kuma ba lallai ne jama'ar unguwa su jira 'yan sandan su iso ba.

Mataki na ɗaya: tabbatar kai ake bi

Duba madubi, kada ka juya wuya. A nan dole in yi tsokaci kan al'adar da ta zama ruwan dare, ta kwance madubai ranar da aka sayo sabon babur wai don ya yi kyau. A mayar da su. Wanda ba shi da madubi ba ya sanin ana binsa sai an zo daf da shi, sai ya firgita, firgita kuwa ita ke kawo gudu.

Sau da yawa motar ba ruwanta da kai. Wani kiran gaggawa za ta, ko rakiya take yi. Sassauta, ka matsa dama, ka ba ta hanya. In ta wuce, shi ke nan. In ta rage gudu tare da kai, ko aka yi maka hon, ko wani ya miƙo hannu yana nuna gefen titi, to kai ne.

Mataki na biyu: nuna musu ka gan su

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke sanyaya komai. Saki totur a hankali. Kada ka danne burki lokaci guda, domin motar da ke bayanka tana iya hawa kanka. Kunna siginar dama. In sigina ba ta aiki, ɗaga hannun hagu sama sosai yadda za su gani, sannan ka mayar kan kambun babur. Da wannan ka faɗa musu, ba tare da magana ba, cewa tsayawa za ka yi.

In da goyo a bayanka, yi masa magana nan take: "Malam, 'yan sanda ne, tsayawa zan yi, ka zauna yadda kake." In mace ce: "Hajiya, kada ki tsorata, ki riƙe da kyau, kada ki sauka sai na tsaya cak." Fasinjan da ya dira daga babur yana tafiya zai ji ciwo, zai iya kayar da kai, kuma su a ganinsu mai laifi ne ke neman tserewa. Idan fasinjan ne ya ce maka "ba ta wuta, zan ƙara maka kuɗi", to wannan shi ne babban dalilin tsayawa. Ba ka san abin da ke cikin jakarsa ba, kuma in ka gudu da shi, kun zama abokan laifi.

Mataki na uku: zaɓi wurin tsayawa

Tsayawa da wuri ake so, amma ba a ko'ina ba. Kada ka tsaya a tsakiyar shataletale, ko cikin gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura ko ta Ƙofar Ƙwaya, ko kan kwana, ko bayan tirela. Ƙara 'yan mitoci gaba da sigina a kunne, ka gangara inda ƙasa ke da ƙarfi. A manyan hanyoyi irin ta Katsina zuwa Daura ko ta Kano, sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka bar musu wurin da za su faka a bayanka.

Abu uku ne ba a yi: ba a shiga lungu, ba a yin kwana a koma baya, ba a nufar gida. Shiga lungu da juyawa duka gudu ne a wurinsu. Kai su ƙofar gida kuwa jawo wa iyali tashin hankali ne, mata da yara su fito, matasan unguwa su taru, ƙaramar magana ta zama rigima.

Idan kana shakkar ko 'yan sanda ne

A nan ne maganar ke da wuya, kuma ba zan ce maka ka tsaya wa duk wanda ya haska maka tocila ba. Masu ƙwacen babur sun san mutane na tsoron kaki, wasu kan fake da shi. Idan da rana ne, cikin gari, mota mai tambarin 'yan sanda, mutane sanye da kaki, babu wata shakka: tsaya. Idan kuwa dare ne, wurin ba kowa, waɗanda ke binka suna kan babur ko mota marar tambari, cikin kayan gida, to kana da dalilin yin hattara.

Hattarar ba gudu ba ce, kuma bambancin yana ga saurinka. Rage gudu ya zama na wanda ba ya tsere wa kowa. Bar sigina a kunne, ka ɗaga hannu, ka nuna gaba, alamar can za ka tsaya. Sai ka nufi wuri mafi kusa da ke da haske da mutane: gidan mai, teburin mai shayi, ƙofar masallaci, bakin asibiti, shingen bincike, ko caji ofis in yana kusa. A cikin birnin Katsina ko Daura wannan bai wuce tafiyar minti ɗaya ko biyu ba. Kada ka mayar da shi tafiyar kilomitoci, domin daga nan uzurin ya ƙare. In kana da goyo, shi ya kira 112. Kai kada ka taɓa waya kana tuƙi. Da ka tsaya, fara ba da haƙuri: "Yallaɓai, a yi haƙuri, na gan ku. Duhu ne wurin, shi ya sa na ƙaraso cikin haske." Ɗan sanda na gaske ya san halin da ake ciki. Ɓarawo kuwa yawanci ba ya biyo mutum cikin jama'a.

Idan suka riga suka tare ka a inda ba kowa, da makami a hannu, ko su wane ne, kada ka yi kokawa kan babur. Ana sake sayen babur.

Mataki na huɗu: bayan ka tsaya

Kashe injin. Babur da ke kunne yana nufin mai shi na iya fizga a kowane lokaci, su ma sun san haka. Sauke ƙafafu, ka bar hannuwanka biyu a kan kambu inda ake ganinsu. Kada ka sauka ka tunkare su; jira su ƙaraso, ko su ce ka sauko. Buɗe gilashin hular kwano ko ka cire ta. Lokacin hunturu da yawanmu kan naɗe fuska da rawani ko takunkumi saboda ƙura. Sauke shi a ga fuskarka, musamman da dare.

Kada hannunka ya shiga aljihu sai ka faɗa. Aljihun kaftani yana gefe, yana da zurfi, wanda ke tsaye nesa ba ya iya sanin me za ka zaro. Ka ce, "Yallaɓai, takardun suna aljihun gaba, in ɗauko?" ko "Suna ƙarƙashin kujera, in buɗe?" Sannan ka yi a hankali. Haka in kana ɗauke da wani abu mai kaifi. Manomi da ya taso daga gona da adda ko lauje ko gatari ɗaure a baya, ya faɗa tun kafin a gani: "Akwai adda a cikin buhun nan, daga gona nake." In jarkar mai ce, ko magunguna, ko kayan abinci masu yawa kana nufar ƙauye, ka shirya bayanin inda ka sayo da wanda za ka kai wa, da lambar wayarsa. Waɗannan su ne kayan da aka fi sa wa ido.

In wani ya miƙa hannu ya zare makulli, bar shi. Na san yana da ciwo, kuma ba haka ya kamata a yi wa wanda ya riga ya tsaya ba. Amma riƙe hannun mai kaki, ko ture shi, shi ne abin da za a rubuta a matsayin cin zarafin jami'i, kuma wannan ya fi duk laifin da aka tsayar da kai a kansa nauyi.

Mataki na biyar: magana

Yi sallama, ka gaishe su: "Sannunku da aiki, yallaɓai." Amsa abin da aka tambaye ka, gajere kuma gaskiya: sunanka, daga ina, zuwa ina, babur na wa. In na haya ne ko na wani ne, faɗi sunan mai shi. Ƙarya ɗaya da aka kama tana ɓata duk gaskiyar da ta biyo baya. In ka san ka yi laifi, ka keta danja ko ka bi hannun da ba naka ba, amsawa da ba da haƙuri sun fi gardama saurin kashe magana. Kada ka ce "ka san ko ni wane ne?" Kada ka ɗaga murya don tara jama'a.

Ladabi bai hana ka sanin haƙƙinka ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ba su ikon tsayar da mutum da bincikensa idan akwai zargi mai dalili, amma ta gindaya sharuɗɗa. Sashe na 50 ya ce kafin bincike jami'in ya kasance cikin kaki ko yana ɗauke da katin shaidarsa a bayyane, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa. Sashe na 54 ya ce shekarun mutum, ko askinsa, ko irin tufafinsa, ba su isa su zama dalilin zargi ba. Mace kuwa mace ce ke laluben jikinta. Tun watan Oktoban 2020 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya haramta wa jami'ai binciken wayoyin mutane barkatai a kan hanya. Duk wannan kana iya nema da murya mai sanyi: "Yallaɓai, don Allah mene ne laifina?" "Daga wane ofis kuke?" In za a buɗe jaka ko buhu, tsaya kusa kana kallo, ka roƙi a yi a gaban mutane.

Game da na goro, ra'ayina a fili yake: kada ka fara miƙawa. Bayar da cin hanci laifi ne kamar karɓarsa, kuma wanda ya yi saurin zaro kuɗi yana nuna akwai abin da yake son a rufe. In da laifi, a faɗa maka shi, a bi hanyar da doka ta tanada, in tara ce a biya inda ake biya a karɓi rasit. Na san ɗan acaɓan da ke da balas ɗin da zai kai wa mai babur da yamma yana ganin wannan ɓata lokaci ne. Amma wanda ya saba bayarwa, kullum shi ake tarewa.

Ka kuma san wa ya tsayar da kai, domin ba duk mai kaki ne ɗan sanda ba. 'Yan Road Safety da KASSAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha) da VIO (masu duba lafiyar ababen hawa) sun fi duba lasisi, lamba, hular kwano da lodi. Kwastam a hanyar Jibiya ko ta Kongolam kaya suke dubawa. Akwai sojoji, da Sibil Difens, da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023. Matakan duk ɗaya ne. A shingen sojoji dai, in ka ga na gabanka suna sauka suna tura babur, kai ma yi haka, ka rage hasken fitila kafin ka isa.

Idan ka riga ka fara gudu

Tsoro kan sa mutum ya fizga kafin ya ankara. Bai ɓaci ba. Saki totur, kunna sigina, ɗaga hannu, ka tsaya a sarari. Kashe injin, ka ɗaga hannu biyu sama, kada ka motsa. Za su iso da zafi, za a yi maka tsawa. Bi umarnin kawai, ko an ce ka zauna ko ka kwanta. Bayani ya jira sai hankula sun kwanta. Kada ka yar da babur ka arce da ƙafa. Lambar inji za ta kai su ga mai shi, ka jefa wanda ya amince maka cikin wahala.

Takardun da ke hana gaba faɗuwa

Mafi yawan masu gudu, rashin takarda ke korarsu. Ga abin da ya kamata ya kasance tare da kai: rasit ɗin sayen babur, takardar rajista da lamba a maƙale inda ake ganinta, lasisin tuƙi rukunin A wanda shi ne na babur kuma sai mai shekara 18 ake ba, inshora, da katin shaidar ɗan ƙasa. Ɗan acaɓa ya ƙara da katin ƙungiya. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, Naira 3,000 aka yanke wa babur a shekara daga Janairun 2023, kuma 'yan sanda sun tsaurara dubanta daga Fabrairun 2025. Hular kwano tun 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta ta, ga direba da fasinja.

Wanda ya sayi na hannu ya fi kowa buƙatar kulawa. Karɓi rasit na asali, a rubuta yarjejeniyar ciniki da sa hannun shaidu, ka duƙa da kanka ka gwada lambar inji da ta jikin babur da abin da ke takarda. In an kankare lamba, ko mai sayarwa ya ce rasit ya ɓata, bar shi komai arharsa. Yi hoton takardun, ka sa a leda saboda ruwan sama, ka ajiye wani kwafi a gida, ka kuma ɗauke su a waya.

Idan aka ce sai an je ofis

Kada ka tirje. Tambayi wane caji ofis ne, ka nemi izinin kiran wani: ɗan'uwa, mai babur, ko shugaban tasharku. Faɗa masa inda aka tsayar da kai da inda za a kai ka. Riƙe a ranka sunan da ke ƙirjin jami'in, da lambar motar, da lokaci. Sallami fasinjanka in ba a buƙatarsa, ka karɓi lambar wayarsa ko da za a nemi shaida.

A ofis, nemi a rubuta babur ɗin da duk abin da aka karɓa a hannunka, kuɗi da waya da takardu. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa, ya wajabta a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da kake ji, ya kuma ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da zargin laifin da hukuncinsa kisa ne. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba. Beli kyauta ne. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya hana a kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tsare uba ko mata don ɗa ko miji. Duka da azabtarwa kuwa Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da su laifi a kan duk jami'in da ya aikata.

In an zalunce ka, bakin titi ba wurin ƙwatar haƙƙi ba ne. Fara da neman ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, tare da wani babba ko shugaban ƙungiya. In ba a saurare ka ba, akwai ofishin kakakin rundunar a hedikwatar 'yan sanda ta jiha, da sashen karɓar ƙorafi na rundunar da ake kira CRU, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da Legal Aid Council mai ba marasa hali lauya kyauta. In an ji maka rauni, je asibiti a ranar, a rubuta, ka ɗauki hoto, ka adana katin.

Ranar karɓar babur, je da takardun asali da mutum ɗaya a matsayin shaida. Kafin ka sa hannu cewa ka karɓa, duba lambar inji, da batir, da madubai, da tayoyi, ka tayar da shi a gabansu. In wani abu ya ɓata, a rubuta shi a littafinsu kafin ka fitar da babur ɗin daga harabar.